Tauraro biyu: manhajar da ta dunƙule mini aikin sati uku a dare ɗaya

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan sharhi, domin ba na son in yi magana da zafin rai. Yau sama da sati biyu ke nan da faruwar abin, zuciyata ta ɗan kwanta, don haka bari in faɗi abin da na gani game da manhajar nan ta haɗa hotuna a tabulet, wadda na biya wa kuɗin shekara guda cif. Ba zan kama sunanta ba. Masu irin aikin nan za su gane ta daga halinta.

Ni aikina da ita ba gyaran fuska ba ne, ba kuma ƙara wa hoto haske. Abin da nake yi shi ne hotunan mafarki, salon nan da ake kira suriyalizim, inda za ka ɗauki abubuwa na gaske ka haɗa su a wurin da ba su taɓa haɗuwa ba, har mai kallo ya tsaya yana tantama a kan idonsa. Salon ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A birnin Paris ya tsaya da ƙafarsa a 1924, lokacin da André Breton ya fitar da sanarwar ƙungiyar, daga baya Salvador Dali na Sifaniya ya zana agogunan nan masu narkewa a 1931. Amma ni wanda ya fi shiga raina René Magritte ne na Beljiyam, mai zanen ƙaton dutsen nan da ke tsaye a sararin sama bisa teku, da fada a ƙolinsa, na 1959. Ranar da na fara ganinsa na fi minti goma ban motsa ba. Babu wani hargitsi a cikinsa. Teku yana nan yadda ka san shi, gajimare ma haka, dutsen ma dutse ne sak, abu ɗaya kawai aka sauya, aka cire masa nauyi. Tun ranar nake neman in yi irin wannan da hotunan da na ɗauka da hannuna.

Hoton da nake ginawa na keken ɗinkin mahaifiyarmu ne, irin tsohon nan baƙi na ƙarfe mai feda. Na mai da shi ƙato, tsayinsa kamar bene, yana tsaye a bakin teku yana ɗinke ƙarshen ruwa da ƙarshen sama. Yadin da ke fitowa ta bayan allura shi ne sararin yamma da kansa, da jajaye da ruwan goro, yana zubowa ƙasa yana ninkewa. Can ƙasa kuma ga wata 'yar yarinya ƙarama, 'yar ƙanwata ce, tana riƙe da bakin zaren da hannu biyu tana kallon sama. Hotuna goma sha tara na ɗauka domin wannan aiki ɗaya, kuma dukansu da yamma liƙis na ɗauke su, rana tana hannun hagu, saboda hasken ya zo ɗaya.

Gaskiya tsakani da Allah, makon farko manhajar ta burge ni matuƙa. Abin da ya ja ni gare ta shi ne yankan hoto da take yi da kanta. Duk wanda ya taɓa zama yana bin gefen gashi ko zare da alƙalami, ɗigo bayan ɗigo, ya san ciwon wuyan da nake nufi. To, na ba ta hoton keken, na taɓa allo sau ɗaya, sai ga shi ta fitar da shi tas, har da ramukan da ke tsakanin ƙarafan ƙafafunsa, har da zaren da ke bi daga kan kwarkwaro zuwa allura, wanda kaurinsa bai wuce fiksel uku ba, wato 'yan ɗigon nan da ke haɗuwa su zama hoto. Na faɗaɗa hoton har sau takwas ina neman inda ta ci gefe, ban samu ba sai wuri ɗaya kusa da madannin yadi. Wallahi a daren nan sai da na tashi tsaye don murna. Washegari na aika wa abokan aiki biyu na ce su saya, ɗayansu ma ya saya a kan maganata, abin da har yanzu yake ci mini rai.

Kuma ba ta goge abin da ta cire, lulluɓe shi take yi. Wannan babban abu ne. Idan ka goge, shi ke nan ya tafi. Idan lulluɓi ne, baƙin fenti yana ɓoyewa, fari yana bayyanawa, ko bayan wata guda kana iya dawo da gefen hannun riga da ka ɓoye bisa kuskure. Na yaba mata a nan, kuma har gobe ina yabawa.

Sai in ɗan yi bayani ga wanda bai saba ba, don ya gane girman abin da aka yi mini. Irin wannan hoto ba a gina shi a shafi ɗaya. Hawa-hawa ake gina shi, kowane abu da nasa leya, kamar ka jera gilasai masu yawa ka manna abu ɗaya a kan kowanne, sannan ka leƙa ta sama ka gansu a haɗe. Teku nasa daban, keke nasa daban, inuwar keke daban, inuwar da ke manne a daidai inda ƙarfe ya taɓa yashi ita ma daban, domin ita ce mafi duhu kuma ita ce ke sa abu ya zauna a ƙasa maimakon ya yi kamar an liƙa shi. Hazon da ke sa abin nesa ya koɗe ya yi shuɗi-shuɗi daban. Kana iya ɗaga gilashi ɗaya ka gyara ba tare da ka taɓa sauran ba. Tun 1994 manhajar Photoshop ta kawo wannan tsari a fitowarta ta uku, kuma manhajoji da yawa da suka biyo baya a kansa suka ginu. Kafin nan wahala ake sha ta gaske. Oscar Rejlander a Ingila ya haɗa hoto ɗaya daga gilasan hoto fiye da 30 a 1857. Jerry Uelsmann na Amurka, wanda ya rasu a 2022, a ɗakin duhu na wanke hoto ya yi rayuwarsa, yana ɗaukar takarda ɗaya daga wannan na'urar faɗaɗa hoto zuwa waccan har gida ya fito da saiwoyin itace a ƙarƙashinsa. Idan hannunsa ya kauce a mataki na ƙarshe, sai dai ya ɗauko sabuwar takarda. Duk amfanin kwamfuta a wannan sana'a shi ne ta raba mu da wannan fargaba. Leyoyin nan su ne aikin. Hoton da ake gani a ƙarshe inuwarsu ce kawai.

To, a daren Laraba, wajen ƙarfe ɗaya saura, ina da leya 42. Aiki ya kusa ƙarewa. Abu biyu suka rage. Na farko, inuwar yarinyar ta karkata fiye da ta keken, ba su bi hanya ɗaya ba, kuma ido yana kama wannan ko da mai kallo bai san abin da ya dame shi ba. Na biyu, akwai wani siririn farin layi a gefen kallabinta, ragowar bangon da na ɗauke ta a gabansa. Aikin rabin sa'a ne duka-duka. Na danna in buɗe sabon leya na 43 domin in sake zana inuwar, sai allo ya daskare. Na jira. Alƙalami ba ya motsa komai. Can sai manhajar ta rufe kanta.

Ban tsorata ba da farko, domin ta saba adana aiki da kanta, kuma wannan na cikin abin da suke tallata ta da shi. Na sake buɗewa. Hoton yana nan, keke, teku, yarinya, komai a wurinsa. Sai ga wani ɗan saƙo a ƙasa, wai an rage wa aikin nauyi domin ya buɗe lafiya. Na leƙa jerin leyoyi.

Ɗaya.

Leya ɗaya tak, mai suna bango. Duka 42 ɗin ta narkar da su wuri guda. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, shi ne abin da ya fito daga bakina. Na danna maɓallin komawa baya, ya koɗe, ba ya dannuwa, domin da zarar manhajar ta rufe, tarihin aikin ya tafi da ita. Na ce to ai akwai kwafi a rumbunsu na intanet, ai saboda shi ne ma na biya na shekara. Na ruga kwamfuta na shiga. Kafin in kai, wanda aka dunƙule ya riga ya hau ya danne mai kyan. Minti biyu tsakani, agogon shafin ne ya nuna mini. Rumbun ba ya ajiye tsohon kwafi ko guda, na ƙarshe kawai yake riƙewa, ko lafiyayye ne ko gurgu.

Ban yi barci ba a daren nan. Na zauna ina kallon inuwar nan da ta karkace, yanzu ta zama jiki ɗaya da yashi, ba ta ɗaguwa, ba ta matsawa. Na yi tunanin sa'o'in da na ɓata ina lanƙwasa gajimare don ya bi ninkin yadi, da leya shida da na yi wa ƙarfen keken kawai don hasken yamma ya kwanta a kansa yadda yake kwanciya a ruwan. Keken nan da shi aka ɗinka mana kayan makaranta mu biyar. Mahaifiyarmu idonta ya yi rauni, ta daina hawansa, kuma niyyata in buga hoton babba in kai mata ta gani tun tana iya gani. Ba wasa nake yi da shi ba.

Da gari ya waye na rubuta wa sashen kula da masu saye. Amsar farko ta zo cikin daƙiƙa, alamar na'ura ce ta ba da ita: in kashe tabulet in kunna, in tabbatar ina da sabuwar fitowa. Na sake rubutawa dalla-dalla, da hotunan allo. Aka ce in goge manhajar in sake saukewa. Jama'a, mutum ya ce muku aikinsa ya lalace, ku ce ya goge wurin da ragowar aikin yake? Da na bi wannan shawara da ko dunƙulallen ban tsira da shi ba. Sai a rana ta huɗu wani ɗan Adam ya amsa. Ya yi magana da ladabi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ce idan ƙwaƙwalwar na'ura ta cika, manhajar takan haɗe leyoyi domin kada fayil ya lalace gaba ɗaya, kuma ba su da hanyar dawo da su. Na ce masa, "Malam, to me ya hana ta gargaɗe ni tun ina leya na talatin? Me ya hana ta ajiye na asali a gefe kafin ta haɗe?" Ya ce zai miƙa shawarar ga masu ƙira. Ya ba ni kyautar wata ɗaya a kan shekarar da na riga na biya. Wata ɗaya na ƙarin zama da abin da ya cuce ni.

Daga baya na zauna na yi lissafin da ya kamata a ce su suka yi mini tun ranar farko. Ina son in buga hoton a takardar A3, kuma bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci, wato fiksel 3508 a faɗi da 4961 a tsawo. Wannan ya haura fiksel miliyan 17. Kowane fiksel yana cin bayit huɗu, na ja, na kore, na shuɗi, da na huɗu mai riƙe da yadda ake gani ta cikinsa. Ke nan cikakken leya ɗaya yana kusan megabayit 70, arba'in kuma sun doshi gigabayit uku. Tabulet ɗina ba zai ɗauka ba, na yarda. Amma ai manhajar ta fi ni sanin wannan lissafi. Ita ce ke ganin ƙwaƙwalwar tana cika. Akwai manhajojin zane da tun kana zaɓar girman shafi za su rubuta maka iyakar leyoyin da na'urarka za ta iya ɗauka, idan ka kai sai su hana ka ƙarawa. Wannan ita ce mutunta mai aiki. A shafin tallar wannan kuwa, da manyan baƙaƙe aka rubuta cewa leyoyi ba su da iyaka.

Sai dai zan faɗi wani abu da ya sa na kusa ƙara mata tauraro. Bayan kwana biyar 'yar ƙanwar tawa ta kira ni ta ce, "Kawu, ina hotona da keken Hajiya?" Na ce mata yana nan tafe. Na ajiye waya na ɗauko hotunan asali goma sha taran nan, na soma daga farko. Kuma a nan ne na ga cewa kayan aikin manhajar da gaske masu kyau ne. Abin da ya ci mini sati uku na sake gina shi a kwana shida. Kayan lanƙwasa hotonta yana da laushi, yana bin alƙalami kamar kana jan yadi na gaske. Akwai wani abin daidaita launi da ban kula da shi ba a karon farko, wanda ke ɗaukar launin inuwa da na haske daga hoton bango ya shafa wa abin da ka ɗora. Keken da a da yake da ɗan sanyin launi, kamar an ɗauke shi a wata rana daban, nan take ya shiga cikin yammacin nan ya zauna. Na kuma gyara wani kuskure da ban ma san na yi ba. Erik Johansson, ɗan ƙasar Suwidin da ya shahara a wannan fanni, yakan ce hotunan da za a haɗa dole a ɗauke su daga tsayi da kusurwa ɗaya, da haske iri ɗaya, sannan kada a ga inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya soma. Ni na kiyaye haske, amma keken na ɗauke shi ina tsaye a kansa, alhali abin da ake so ya yi girman bene daga ƙasa ake kallonsa. Na koma na kwanta rubda ciki na sake ɗaukarsa, kyamara tana kusan taɓa ƙasa. Bambancin kamar dare da rana. Sai a lokacin ya yi kama da abin da zai iya murƙushe mutum. Na ƙarasa da ɗan yayyafin ƙura mai laushi a kan hoton duka, domin hotuna goma sha tara kowanne da irin tsakin hatsinsa, ƙurar ce ke sa su zama fata ɗaya. Na biyun ya fi na farkon kyau, ba na musu.

A daren da na gama na ce a raina, to, tauraro uku, ko ma huɗu. Sai na zo fitar da hoton.

Nan tsohon miki ya fashe. Na zaɓi in fitar da shi da leyoyinsa a rarrabe, don in ajiye a kwamfuta kada tarihi ya maimaita kansa, sai na tarar ba ta yi. Fayil nau'in JPEG ko PNG kawai take bayarwa, duka biyun kuma shafi ɗaya ne a dunƙule. Fayil mai leyoyi a cikinta kaɗai yake buɗuwa, a rumbunta kaɗai yake zama. Wato ranar da na daina biya, aikina yana hannunsu. Sai da na zauna na kashe duk leyoyin na bar ɗaya, na fitar da shi PNG, na kunna na gaba na fitar, ɗaya bayan ɗaya har 31, sa'a biyu cur, kuma lulluɓin nan da na yaba mata ba ya fita da su, abin da aka ɓoye ya tafi ke nan. A duk kwana shidan nan kuma, duk bayan leya biyar sai na kwafi aikin gaba ɗaya na sa masa lamba, gabana yana faɗuwa duk lokacin da allo ya ɗan yi jinkiri. Haka ake aiki da abin da aka biya wa kuɗi?

Sannan sararin sama. A kan allo sumul yake, daga ruwan goro ya gangara zuwa shuɗi ba ka ganin gaɓa. Da bugun gwaji ya fito sai ga shi zobe-zobe kamar matakala. Dalilin a bayyane yake: manhajar da bit 8 take aiki, matakai 256 ke nan ga kowane launi, kuma idan ka ja launin sama ka matsa shi sau da yawa irin yadda na yi, wasu matakan suna zubewa a bar giɓi. Mai bit 16 yana da matakai 65,536, yana da wurin da zai sha jan. Babu inda za ka zaɓi wannan a cikinta, kuma babu inda suka faɗa kafin ka biya. Ga mai ɗora hoto a Instagram, inda fiksel 1080 a faɗi ya wadatar, ba zai taɓa lura ba. Ga mai son ya rataye aikinsa a bango, wannan aibi ne babba. Ƙara ƙurar nan na yi, ta ɗan rufe zoben, amma ni da na san inda suke ina ganinsu.

Sauran abubuwan da ke cikinta, su rubutu da tacen launi da abin nan na ƙirƙirar hoto daga kalmomi, ban taɓa su ba, don haka babu abin da zan ce. Ni ina son kowane abu da ke cikin hotona ya zama na tsaya a gabansa na ɗauka.

Shekaran jiya aka saki sabuntawa. Na karanta bayaninta layi-layi ina neman ko kalma ɗaya a kan leyoyi, ko gargaɗi, ko ajiye tsohon kwafi. An ƙara sabbin tacen launi goma sha biyu. Na sake rubuta wa mutumin nan mai ladabi, har yanzu shiru. Abokin nan nawa da ya saya a kan maganata na kira shi na ba shi haƙuri, na ce kada ya wuce leya ashirin, kuma ya riƙa kwafa.

Na kashe sabunta biyan kuɗin, zai ƙare da kansa idan shekarar ta cika. Yanzu yanka kawai nake yi da ita, in fitar da abin da ta yanka, in kai kwamfuta in yi ginin a manhajar GIMP, wadda kyauta ce, fayil ɗinta kuma yana zaune a cikin na'urata da leyoyinsa duka. Tauraro biyun da na bayar na yankan ne da na lanƙwasawa.

Hoton an buga shi, na kai wa Hajiya ranar Asabar. Ta matso da shi dab da fuskarta, ta bi zaren da yatsa tun daga allura har hannun jikarta, sannan ta ce mini feda ɗin ba haka yake tsayawa ba idan ana ɗinki, gabansa ne ke yin ƙasa. Na duba, gaskiyarta ne. Feda ɗin yana leya na goma sha huɗu a cikin waɗanda na fitar ɗaya bayan ɗaya, gobe zan karkata shi in sake bugawa.